Dabinon da Aka Tono a Ƙofar Inna

Ramin na fara gani. Ko akwatina ban sauke daga kai ba, ina fitowa daga zaure idona ya sauka a kansa. A gaban dokin ƙofar ɗakin Inna aka tone shi, zurfinsa kamar na kwanon sha, an ture jar ƙasar gefe guda, an zagaye bakinsa da toka. Labulen ɗakin a sake yake da rana tsaka, abin da Inna ba ta yi.

Hutun damina ne, na dawo daga makarantar kwana a Daura. Mota ta ajiye ni a Baure, ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni ƙauyenmu da ke gefen hanyar Babban Mutum. Duk tsawon hanyar ɗanwaken Inna nake tunani.

Kaka, mahaifiyar babana, tana zaune a inuwar rumbu tana tsinke zogale. Ta ɗago ta ƙare mini kallo.

"'Yar boko an dawo? Dubi wuya kamar na zalɓe. Ba sa ba ku abinci ne, ko littafin kuke ci?" Sai ta nuna ƙofar da haɓa, muryarta ta sauka. "In za ki shiga ki raɓa ta gefe. Ki yi bismillah, kada ki taka tokar nan."

Na raɓa na shiga. Ɗakin ya cika da hayaƙin wani turare mai ɗaci wanda ke kama maƙogwaro. Inna tana kwance ta ba ƙofa baya. Cikinta ya tsufa, ya fi yadda na bar shi nesa ba kusa ba, amma ƙafafunta na tsaya ina kallo. Sun kumbura har idon sawu ya ɓace, fatar tana ƙyalli. Awarwaron da ba ta cirewa ya nutse a hannunta. Da ta juyo na ga fuskar ma ta cika, idanunta sun ƙanƙance.

Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma doguwar magana da ni. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa tana kallon rufin ɗaki, ta ce, "Ke, an sha hanya. Je ki ci abinci." Wajen tashi na dafa ƙafarta ba da niyya ba. Yatsana ya bar rami a wurin, har na kai ƙofa ramin bai cike ba.

Gwaggo ce ta ba ni labari da yamma muna wanke-wanke. Ita ce ƙanwar babana, ɗinkin hula take yi, ita ce mai babbar waya a gidan, kuma ita ce mai baki. Ta ce da kumburin ya fara, ga ciwon kai, sai Baffa ya ɗauko wani mai magani daga wani ƙauye can gaba. Baffa shi ne yayan babana, gidan yana hannunsa tun da Baba ya bi motar shanu zuwa kudu. Mai maganin ya zaga gida, ya tambayi inda Inna ta fi takawa, ya ce a tona nan.

"Ke ba ki ga abu ba," in ji Gwaggo, ta ajiye soson hannunta. "Dabino uku, jajaye, suna sheƙi kamar an shafa musu mai. Kowanne a cikin ɗan ɗakinsa a ƙasa, an lailaye cikin sumul kamar da hannu. Baffanki ya ɗauki ɗaya, wallahi sai ya motsa. Dabino ya kaɗa gindi! Ban san lokacin da na kai zaure ba, ɗankwalina a hannu."

Mai maganin ya ƙone su. Ya ce binne ne, asiri aka binne mata, kullum tana tsallaka shi, shi ya sa abin ya kama ta ta ƙafa. Ya bar turare da jiƙo, ya kuma kafa doka ɗaya: kada Inna ta tsallake dokin ƙofar nan sai an ga sabon wata. Watan da muke ciki kuwa bai daɗe da kamawa ba.

"Awo fa?" na tambaya, ina kallon kwanon da nake ɗauraya.

"Wane awo? An ce kada ta tsallaka, ke kina maganar awo. Ko wanka a ɗaki take yi, a baho."

"Wa ya binne?"

"Allah kaɗai ya sani. Kakarki ta hana a ambaci sunan kowa, ta ce ba za a ɗauki alhakin mutane a gidanta ba."

Ni ba mai magana ba ce. A makaranta ma sai a gama zango malami bai ji muryata ba. Abin da na iya shi ne kallo, kuma a kwanakin nan kallon ne kaɗai aikin da ya rage mini bayan ɗebo ruwa da kwashe baho.

A jikin bangon ɗakinta, kusa da rariya, Inna ta shuka gauta kamar yadda take yi kowace damina. Washegari ina shara na lura ganyen saman duk an cinye, sai jijiyoyi a tsaye. A ƙasa akwai wani baƙin kashi, girman ƙwayar wake, mai tsaga-tsaga a jiki kamar an zana shi da wuƙa. Na bi kashin da ido zuwa sama, na ɗaga ganye, sai ga ta. Tsutsa ce, amma ban taɓa ganin mai girmanta ba. Ta fi yatsana na tsakiya tsawo, ta fi babban yatsana kauri. Launinta rawaya ne mai ratsin kore, da wasu layuka shuɗi-shuɗi a karkace waɗanda suke haɗuwa a gadon bayanta kamar zanen ƙwarya. A wutsiyarta akwai ɗan ƙaho a lanƙwashe, mai ƙuraje. Na taɓa ta da tsinke, ta ɗaga gabanta sama ta sunkuyar da kai ta tsaya cak, bakinta yana wani ƙas-ƙas. A ƙarƙashin wani sabon ganye na ga ƙwai guda ɗaya tak, kore, bai kai ƙwayar gero ba.

Ban haɗa ta da komai ba a ranar. Sai bayan kwana biyu, da hantsi, bayan an yi ruwan sama da asuba. Ina zaune a ƙofar Inna ina jiƙa mata tsumma don ta ɗora a goshi, sai na ga wata tsutsa irin waccan ta sauko daga gauta. Launinta ya dushe, bayanta ya yi duhu. Tafiya take yi da sauri kamar wadda aka aika, wata kaza tana bin ta tana leƙe amma ta kasa sara. Ta zo daidai inda indararo ke zubar da ruwa, taki ɗaya daga ramin da aka tona, inda ƙasa ta fi laushi a duk gidan. Ta kafa kai ta fara shiga. Ina kallo ta nutse kaɗan-kaɗan har sai ɗan ƙahon ya rage a waje.

Tsumman ya faɗi daga hannuna. A zangon da ya wuce malamarmu ta Bayoloji ta zana mana wannan a allo: ƙwai, tsutsa, sai ta kwanta cikin kwanso ba ci ba sha, sannan ta fito da fukafukai. Ta ce wasu a jikin ganye suke rataya, wasu ƙasa suke shiga. Na rubuta a jarrabawa na ci, ban taɓa tunanin abin yana faruwa a tsakar gidanmu ba.

Na tono ta da hannu kafin ta yi nisa, na cika gwangwanin madara da ƙasa mai danshi, na saka ta, na ɗaure bakin da tsohon ɗankwali, na ɓoye a bayan rumbu. Daga nan na je wurin Kaka. Na tsuguna a gabanta.

"Kaka, abin nan da aka tono, ina jin ba dabino ba ne. Tsutsar gauta ce. In ta shiga ƙasa haka take komawa."

Kaka ta yi dariya har ta dafa ƙasa. "Tsutsa ta zama dabino? To ni ma gobe in na shiga ɗaki budurwa zan fito. Tashi ki hura wuta, Malama."

Ba na jin haushinta, har yau. Kaka ce take tashi da asuba ta dama wa Inna kunu, ita take matsa mata ƙafa, na kuma sha ganinta tana share hawaye da bakin mayafi a bayan ɗaki. A wurinta dokar nan ita ce take riƙe da ran Inna.

Haƙuri ya gagare ni, na tona gwangwanin tun lokaci bai yi ba. Na tarar da tsutsar ta tsuke, ta yamutse, ta gajarce, tana kwance a cikin wani ɗan kogo da ta lailaye wa kanta. Na zaci na kashe ta. Na mayar da ƙasar a hankali na zauna a wurin ina kuka ba sauti. Amma ko a cikin kukan na lura da kogon: sumul yake, kamar an shafe shi da hannu, yadda Gwaggo ta faɗa.

Da na sake dubawa bayan wasu kwanaki, babu tsutsa. Tsohuwar fatarta tana gefe a cukuikuye, ga dabino a kwance, ja, yana sheƙi. In ka duba da kyau za ka ga alamar ido, da shatin fukafukai a naɗe a ƙirji, da ƙananan huji a jere a kowane gefe. Na taɓa shi ya kaɗa gindi.

A ranar Baffa yana cikin gida yana ba tumaki harawa. Tun da nake, maganata da Baffa ba ta wuce gaisuwa ba. Dogo ne, ba ya dariya da yara, ba ya kuma duka. Na ɗauko gwangwanin da hannu biyu na ajiye tsakaninsa da Kaka na durƙusa. Gwaggo ta leƙa, ta ƙwalla ƙara.

"Innalillahi! An sake binnewa!"

"Wa ya ba ki wannan?" Baffa ya tambaya.

Na faɗa masa, kaina a ƙasa. Sau biyu yana cewa in ɗaga murya. Na nuna masa tsohuwar fatar da ɗan ƙahonta, na kai shi wurin gauta na ɗaga ganye ya ga wata mai rai. Ya tsuguna ya daɗe yana kallonta. Kaka ta daina jan carbi.

"Ni ban ga lokacin da wannan ta koma wancan ba," in ji Baffa a ƙarshe. "Ke kaɗai kika gani. Amma kin ce ƙwaro zai fito daga ciki?"

"E, Baffa. Irin faɗa-wuta, babba."

"To in ƙwaro ne, ai zai fito. Ranar da ya fito muka gan shi da idonmu, ni da kaina zan nemo mota a kai ta asibiti. Kafin nan maganar mutumin nan tana nan." Ya miƙe ya kakkaɓe hannu. "Ki fitar da shi daga tsakar gida. Kai shi bayan garke."

Ban taɓa jin daɗin magana kamar wannan ba, sai da na tuna ban san tsawon lokacin da abin yake ɗauka ba. Da yamma na tona gindin gautar da tsinken kara, a hankali, har na samu wani a can ƙasa. Wannan ya fi nawa duhu, ya kusa zama baƙi, kwanson ya yi laushi. Na yi tunanin ya riga nawa kwanciya. Na haɗa su a gwangwani ɗaya, na kafa ɗan kara a ciki don in ya fito ya sami abin hawa.

Ina da lambar malamar Bayoloji a kaina, domin ita ce mai kula da ɗakin kwananmu. Na roƙi Gwaggo wayarta.

"Ki ɗauki hoton wannan abin da wayata? Ki sa mini shi a ciki in kwana da shi?"

"Tsutsar kawai, Gwaggo. Zan goge."

"In wayar nan ta fara kaɗa gindi ke za ki saya mini wata."

Ƙauyenmu kusa yake da iyaka, sabis ɗin waya yakan gudu ya koma na Nijar. Sai an hau kan kifaffen turmi a kusurwar garke ake kama namu. A nan na tsaya, tumaki suna kallona, na tura hoton tsutsar da na kwanson. Na rubuta cewa ina son in san wane ƙwaro ne da kuma yaushe zai fito. A ƙasa na ƙara layi ɗaya game da Inna, ƙafafunta da ciwon kanta.

Saƙon murya biyu ta aiko. A na farko muryarta cike da murna. Ta ce na yi sa'a, ita kanta ba ta taɓa riƙe irinsa ba. Ta ce duk tsutsar da ke da ƙaho a wutsiya dangi ɗaya ne, manyan faɗa-wuta masu ƙarfin tashi, amma wannan mai lanƙwasasshen ƙaho mai ƙuraje, mai cin gauta, ba ya ɓoyuwa. Uwar tana ajiye ƙwai ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin ganye, tsutsar ta ci ta yi ta sauya fata, in ta ƙoshi ta shiga ƙasa ta kwanta mako biyu ko uku in ana zafi. Ta ce babban yana shiga amya ya sha zuma, kuma in an taɓa shi yana kuka. Ta ce ana kiransa mai ƙoƙon kai, zan ga dalili a hoton da ta turo.

Na buɗe hoton. Na sauko daga turmin na zauna a kan kashin tumaki. A gadon bayan ƙwaron, tsakanin fukafukai, akwai fuska. Fari-fari ce, da ramukan ido biyu baƙaƙe, da abin da ya yi kama da haɓa. Kan gawa ne sak. Wannan ne abin da na yi wa Baffa alkawari zai gani da idonsa.

Saƙo na biyu gajere ne, murnar ta fita daga muryarta. Ta ce mai ciki da kumburin fuska da ciwon kai ba a kwana da ita a gida, hawan jini ne na masu ciki yakan zo haka, yana iya kai wa ga jijjiga. Ta ce in faɗa wa manya a kai ta yau. Ta maimaita, yau.

Na goge hoton ƙwaron da saƙon farko. Na biyun na kunna wa Gwaggo. Ta saurara, ta kai wa Kaka, Kaka ta kai wa Baffa. Baffa ya kira Baba, na ji muryarsa can ƙasa-ƙasa cikin hayaniyar kasuwa yana cewa shi ba ya kusa, abin da Yaya da Iya, wato Baffa da Kaka, suka gani shi ne daidai. Baffa ya ce malamar ba ta ga abin da aka tono ba, in aka fitar da Inna ta tsallaka wani abu ya same ta a hanya, wa zai ɗauka? Ya ce saura kaɗan wata ya mutu. Ya ce kuma maganarsa game da ƙwaro tana nan.

Daga ranar na rasa abin da zan roƙa. In na idar da salla sai in zauna hannuna a sama. In ce ya fito da wuri? In ce kada ya fito? Na yi ta gaya wa kaina ko malama ta yi kuskure, ko wani irin ne daban, mai launin ƙasa wanda ba shi da komai a baya. Na yi tunanin in ya fito ina ni kaɗai in goge fuskar da yatsa, tunda garin jikin faɗa-wuta yana fita in an taɓa. Na yi tunanin in kama wani faɗa-wutar a fitila in saka a gwangwanin, amma duk waɗanda suke zuwa ƙanana ne, ko rabin kwanson ba su kai ba, Baffa kuwa ba yaro ba ne. Kowace safiya da kowace yamma ina bayan garke.

Inna kuma tana ƙara nauyi. An yanke awarwaron da almakashin Gwaggo. Ta daina cin tuwo sai kunu. Wata rana ina yi mata fifita ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ke, kashe wutar nan." Babu wata wuta a ɗakin. Ta ce wasu ƙananan taurari take gani suna yawo. Na ce mata, "Inna, in na riƙe ki za ki iya tafiya har bakin titi?" Sai ta ce, "In fita a kan maganar wa? Ki bar manya su yi abin da suka ga ya dace." Amma ta kama hannuna ta riƙe, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na yi wayo, yatsunta sun yi kauri ba sa lanƙwasuwa sosai.

Ƙwaron ya fito ana dab da magariba, kuma ba ni na fara ganinsa ba. An aike ni ɗebo ruwa. Ina shigowa da tulu na ji Gwaggo tana kiran Baffa daga bayan garke, ta je kwance akuya ta ji motsi a gwangwanin. Kafin in sauke tulun Baffa ya ɗauko shi ya ajiye a tsakar gida, Kaka ta taso da sandarta. Baffa ya kwance ɗankwalin.

Yana maƙale a jikin karan. Ya riga ya miƙe fukafukansa, na sama masu duhu kamar bawon itace, ya kwantar da su a jikinsa. Ya kai tsawon yatsana, jikinsa duk gashi. A ƙasa ga kwanson a fashe, babu komai a ciki. Na ga Baffa ya kalli kwanson, ya kalli ƙwaron, ya sake kallon kwanson. Har ya fara gyaɗa kai.

"To," ya ce. "Ƙwaro ne dai."

Sai Gwaggo ta haska fitilar wayarta don su gani da kyau.

Fuskar ta fi ta hoton fitowa. Kaka ta matso ta sunkuya, domin idonta ba shi da ƙarfi, ta daɗe a haka, sannan ta miƙe a hankali tana salati. Baffa ya sa tsinke ya taɓa shi. Ƙwaron ya buɗe fukafukai, na ƙasa suka bayyana rawaya da baƙin ratsi, ya tsartar da wani ruwa ja-ja a jikin gwangwanin, ya yi kuka. Kuka ne siriri kamar na ɓera da aka taka. Gwaggo ta saki wayar ta faɗi ƙasa.

"Haka irinsu suke," na ce. Ban san na iya ɗaga murya haka ba. "Zane ne kawai, Baffa, kamar na jikin zabuwa. Dukkansu haka suke, malama ta faɗa mini, zuma yake sha, ba ya cizo."

"Kin san haka zai fito?" Baffa ya juyo gare ni.

Na ce e.

"Kika yi shiru."

Ba da faɗa ya faɗa ba. Ya ce wa Gwaggo ta kawo garwashi. Kafin ta dawo ƙwaron ya fara karkaɗa fukafukai da sauri har ba a ganinsu, ya tashi da wani gurnani, ya zaga tsakar gida sau ɗaya, ya bi ta saman ɗakin Inna ya haye katanga. Kaka ta bi shi da ido, ta zauna a inda take tsaye.

"Kun ga ta inda ya bi," ta ce.

Aka kira salla. Da Baffa ya dawo daga masallaci ya hau turmi ya kira mai maganin. Na ji yana cewa to, to, in sha Allahu. Da ya sauko ya ce mutumin ya ce abin ya fi yadda ya zata ƙarfi, ko an ga wata kada ta fita sai ya zo da kansa ya duba. Kaka ta sa Gwaggo ta tuge gautar Inna duka, aka zuba a murhu har da ɗayan kwanson. Ba wanda ya zage ni. Kaka ma ta tura mini tuwo ta ce, "Ci, ke yarinya ce, ba ki san abin da kika ɗauko ba." Da ban tono komai ba, da aƙalla ranar fitar Inna tana nan a ganin wata. Yanzu ko ranar babu.

Da safe na kai wa Inna kunu. Tana zaune ta jingina da bango, ta dafe ƙasan haƙarƙarinta na dama. Na miƙa mata kofin, ta miƙo hannu ta kama iska a gefensa. Na matsar da shi cikin hannunta.

"Wace ce?" ta ce.

"Ni ce, Inna."

"Gari bai waye ba ne?"

Rana ta riga ta shigo ta ƙasan labule har kan tabarma. Leɓenta na sama yana ɗan rawa shi kaɗai. Na karɓi kofin na ajiye don kada ya zube mata, na fito.

Baffa yana zaure yana gyara ƙotar fartanya zai tafi gona. Na durƙusa a gabansa. Ban sake kawo maganar tsutsa ba, ko ta malama, na san wannan ta ƙare. Na gaishe shi ya amsa, ya ci gaba da buga ƙotar a ƙasa. Da ya ga ban tashi ba ya dakata.

"Mene ne kuma?"

"Inna ba ta gani, Baffa. Na ba ta kofi ba ta gan shi ba."

Ya ajiye fartanyar a kan cinyarsa. Ya kalli hanyar cikin gida, bai tashi ba.

"Ba zan iya sa ta ta tsallaka ba," ya ce a hankali. "Kin ga abin jiya da idonki."

"Na gani. Kada ta tsallaka." Na matso kusa da shi. "Ɗakin na ƙasa ne, Baffa, bangonsa na baya lungu yake kallo, mota tana iya shigowa har wurin. Ba sai ta bi ta ƙofar ba. Don Allah ka ɗauko diga ka fasa bangon, a fitar da ita ta can. Ni zan kwashe ƙasar."